Hoton da ba ya dawowa: me ke kai yara ga tura tsiraicinsu ta waya?

Duk lokacin da aka ce hoton wata yarinya ya fita yana yawo a wayoyin mutane, amsa ɗaya ce za ka ji a majalisa da gidan biki, "ai dama can 'yar iska ce", ko a ce "rashin tarbiyya ne". Sai a tafa hannu a ce Allah ya shirya mana zuri'a, shikenan an rufe zance, kowa ya tashi yana jin shi dai gidansa lafiya lau. Ni kam wannan amsar ta daɗe ba ta kwanta min a rai ba, saboda na ga 'ya'yan gidajen da ba ka isa ka buɗe baki ka ce babu tarbiyya ba sun faɗa cikin abin nan tsundum, na kuma ga yaran da unguwa ta gama sallamawa amma ko hanyar ba su bi ba. To in ba tarbiyya kaɗai ba ce, me ke sa yaro ko yarinya mai shekara 15 ko 16 ya ajiye kunya gefe ya ɗauki hoton da shi kansa ba zai so ya sake kallo ba, ya danna ya tura?

Turawa suna ce wa abin sekstin, wato tura saƙon batsa ko hoton tsiraici ko bidiyo ta waya. Mu ba mu da kalma guda tasa, sai dai ka ji an sauke murya an ce "ai ta tura masa hoto", kowa kuma ya gane wane irin hoto ake nufi. Yawancin binciken da aka yi a kansa a Amurka ne da Kanada da Turai da Ostireliya, don haka can zan fi zama, in na ga inda ya taɓo mu sai in juyo.

A 2009 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta tambayi yara masu waya 'yan shekara 12 zuwa 17, kashi 4 cikin 100 suka ce sun taɓa tura irin wannan hoton nasu, kashi 15 suka ce an taɓa turo musu. Lokacin fa yawancin wayoyin yara masu madannai ne, kamarar ma dishi-dishi. A 2018 wata malama a Jami'ar Calgary ta Kanada, Sheri Madigan, ita da abokan aikinta suka tattaro bincike 39 da aka yi kan yara sama da 110,000 suka haɗe lissafin wuri ɗaya, sai ya nuna kashi 14.8 sun tura, kashi 27.4 sun karɓa, kashi 12 sun tura na wani gaba ba da izininsa ba, kashi 8.4 kuma an yaɗa nasu. Da aka sabunta lissafin a 2022, masu turawa sun kai kashi 19.3, masu karɓa 34.8. Kar dai a ɗora waɗannan alƙaluman kan sikeli ɗaya da na Pew, don wani binciken hoto kaɗai yake ƙirgawa, wani har da rubutu. Amma abu biyu sun fito fili. Abin ba kaɗan ba ne, a aji mai ɗalibai 50 kana maganar wajen mutum 10. Sannan mafi yawan yara ba sa yi, huɗu cikin biyar ba su taɓa turawa ba. Ka riƙe wannan na biyun, zai dawo mana.

Kuma kafin wani ya ce ai wannan cutar Turawa ce, a 2017 an wallafa wani bincike da aka yi a Ibadan kan matasa 575 da suka gama sakandare, kashi 20 sun ce sun tura, wajen kashi 33 sun karɓa. Kusan sak da na can. Wanda duk ya taɓa aron wayar ƙaninsa don ya yi kira, wani saƙo ya faɗo masa a sama ba shiri, ba ya buƙatar a kawo masa alƙaluma.

Abu na farko da kusan kowane bincike ya yarda da shi shi ne shekaru. Ɗan 17 ya fi ɗan 13 yi nesa ba kusa ba, wannan ba abin mamaki ba ne, balaga ce da fara soyayya da samun waya ta kashin kai. Abin lura kawai shi ne in ƙaramin ne ya yi, to an fi samun wasu matsalolin a tattare da shi. Ba zan daɗe a nan ba.

Inda zan daɗe shi ne roƙo. Mutane suna tsayawa kan wadda ta tura kamar dai ta farka ne da safe ta ga dama, alhali kusan kullum akwai wanda ya nema. Jeff Temple na sashen likitanci na Jami'ar Texas da ke Galveston ya yi bincike a 2012 kan ɗaliban sakandare 948, kashi 28 sun tura hoton tsiraicinsu, kashi 31 sun amsa cewa sun taɓa roƙon wani ya turo, amma waɗanda aka taɓa roƙa sun kai kashi 57. Fiye da rabi kenan. Mata aka fi roƙa, su ne kuma suka fi cewa roƙon ya dame su, maza ne suka fi yin roƙon. Abin da ya ba mutane mamaki, wajen turawar kanta babu wani babban bambanci tsakanin maza da mata, har lissafin Madigan ma bai ga wata tazara ta a zo a gani ba. Bambancin yana wajen waye ake matsa wa, da kuma waye ke biyan kuɗin sabulu in abu ya fashe.

Kuma roƙon ba ya zuwa da fuskar roƙo. Akwai wata yarinya a layinmu, 'yar aji biyar na sakandare, da ta saba shigowa wajen matata kitso da hira, wata rana da yamma ana cikin tsefe kai sai ta miƙo wayarta ta ce "Anti don Allah karanta ki gaya min gaskiya". Matata ta ce min hirar ta kai ta wata biyu, farkonta ba komai, "turo hotonki in gani na yi kewarki", ta tura na ranar Sallah da hijabinta. Bayan sati, "haba ni ne fa, cire mayafin mana". Bayan wani satin aka ƙara gaba. Da ta ce a'a bai yi zagi ba, bai yi barazana ba, cewa ya yi "ashe ba ki yarda da ni ba, ni da nake shirin turo magabata". Sai rantsuwa, wallahi yana gani zai goge. Sai kuma ya ɗauke wuta kwana biyu, tana ganin alamar ya karanta saƙonta shuɗi ɓaro-ɓaro amma ba amsa, yana ta sa sitatus. Tambayar da ta yi wa matata ita ce ta tsaya min a rai, ba ta ce haramun ne ko halal ba, wannan ta sani sarai, tana zuwa islamiyya, cewa ta yi "Anti in ban tura ba zai rabu da ni ko?" Ka ga ba ilimin addini ne ya yi mata ƙaranci ba, ba kuma sha'awa ce ke janta ba, tsoron rasa shi ne. Kuma wayar da take riƙe da ita shi ya saya mata, shi ke sa mata data duk sati.

Wannan batun na waye ya sayi waya ba ƙarami ba ne. A wancan binciken na Pew, yaran da su ke biyan kuɗin wayarsu da kansu kashi 17 sun tura, waɗanda iyaye ke biya musu duka ko wani ɓangare kashi 3 kacal. A can ma'anarsa yaro ya fi girma ya fi 'yanci, babu mai tambayarsa. A nan wajenmu ni a ganina abin ya fi haka muni, don sau da yawa ba yarinyar ce ke biya ba kuma ba iyayenta ba, saurayi ne, wani lokaci wayar ma a ɓoye take cikin jakar islamiyya ko ƙasan katifa iyaye ba su san da ita ba. Mai ba ka shi ke da bakin magana a kanka, kuma yarinyar da ta karɓi waya a ɓoye ta riga ta rufe wa kanta ƙofar kai ƙara gida, don kafin ta faɗi abin da ake nema a wajenta sai ta fara bayanin inda ta samo wayar.

Sai abokai. Akwai wani gwaji da nake so na Laurence Steinberg na Jami'ar Temple a Filadelfiya. Ya sa matasa da manya su buga wasan tuƙin mota a kwamfuta, kana gudu sai danja ta nuna ruwan ɗorawa, ko ka taka birki ka yi asarar lokaci ko ka kutsa ka yi kasadar karo. In yaro shi kaɗai ne a ɗaki, tuƙinsa bai cika bambanta da na babba ba. Amma da zarar ya san abokansa na kallo sai kasadarsa ta yi sama, babba kuwa ko ana kallo ko ba a kallo kusan duk ɗaya. Da aka duba ƙwaƙwalwarsu da na'ura sai aka ga sashen jin daɗin lada ne ke ƙara kunnuwa in abokai na nan. Shi kuwa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki ya ce tsaya ka yi tunanin gobe, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Wato injin ya riga birkin girma. Shi ya sa binciken sekstin ke yawan cin karo da halaye guda biyu, yaro mai aikata abu kafin ya yi tunani, da mai son abin da zai sa gabansa ya faɗi. Waya kuma ta mayar da rayuwar yaro wannan ɗakin da abokai ke kallo, dare da rana, ba tashi.

Yanzu dawo da abin da na ce ka riƙe. Ba sai abokai sun yi ba, ya isa yaro ya zaci suna yi. Bincike da dama ya nuna ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi hasashen ko yaro zai tura shi ne zatonsa cewa sa'o'insa na yi kuma ba sa ganin aibunsa. Shi ya sa nake jin haushin masu wa'azi da masu rubutu da ke ta cewa "yaran yanzu duk sun lalace, kowa yi yake". Ba gaskiya ba ne, sannan kana taya mai roƙon aiki ne ba ka sani ba, don shi ma makaminsa kenan, "ke kaɗai ce baƙauya, kowa na yi".

A 2012 Jessica Ringrose da abokan aikinta sun zauna da yara a makarantu biyu na Landan, a wani aiki da ƙungiyar kare yara ta NSPCC ta ɗauki nauyi, abin da suka tarar shi ne a wajen samarin hoton yarinya kamar kuɗi ne, ana tarawa ana nuna wa juna don a samu girma a cikin abokai, ita kuma yarinyar in ta tura a kira ta da mummunan suna, in ta ƙi a ce ba ta waye ba. Gaba kura baya sayaki. A 2015 a wata sakandare a Cañon City ta jihar Colorado aka bankaɗo ɗaruruwan hotuna da suka shafi ɗalibai aƙalla 100, ana musayarsu kamar katin wasa, an ɓoye su cikin wata manhaja da in ka gani za ka rantse kalkuleta ce, sai ka danna wasu lambobi ta buɗe. Har ƙungiyar ƙwallon makarantar ta fasa buga wasanta na ƙarshe. Mai gabatar da ƙara daga baya ya ce ba zai gurfanar da kowa ba. Ɗalibai 100 a ƙaramin gari ɗaya, ba za ka ce duk gidajensu ne babu tarbiyya ba, al'ada ce ta kafu a tsakaninsu har ta zama ba komai.

Ita wayar kanta tana da nata kason. Ka tuna yadda zance yake a da, saurayi ya zo bayan isha ya aika yaro, a shimfiɗa tabarma a zaure ko ƙofar gida, ga fitila, ga ƙanne suna kai-kawo da sunan kawo ruwa, ga tsohuwa tana gyaran murya daga ciki in an daɗe. Ba wai mutanen da waliyyai ba ne, idanu ne suka yi yawa. Yanzu zancen ya koma ƙarƙashin bargo ƙarfe ɗaya na dare lokacin da data ke arha, ba fitila ba ƙanne. Wani masanin halayyar ɗan'adam, John Suler, tun 2004 ya yi bayanin yadda mutum ke sakin jiki a intanet ya faɗi abin da ba zai iya faɗa ido da ido ba, saboda ba ya ganin fuskar wanda yake magana da shi, ba a ganin tasa. Mu da muka san kunya a ido take, wannan ba sabon karatu ba ne a wajenmu. Sannan ga alƙawarin ɓacewa. Snapchat ya fito a 2011 da hoton da ke gogewa da kansa, WhatsApp ya kawo na gani sau ɗaya a 2021, daga baya ma suka hana ɗaukar sikirinshot ɗinsa. To amma wa ya hana mutum ɗauko waya ta biyu ya ɗauki hoton fuskar ta farko? Yaron da ya san wannan ba ya cikin lissafin yarinyar a lokacin da take dannawa.

Yanzu ga wurin da aka fi yin kuskure. A 2019 Camille Mori da Madigan da Temple da wasu suka haɗa bincike 23 kan yara 41,723 don su ga me ke tafiya tare da sekstin. Suka ga yana da alaƙa da fara jima'i, da yawan abokan hulɗa, da rashin amfani da kariya, da shan giya da ƙwaya da taba, da ƙananan laifuka, da damuwa da baƙin ciki mai kwantar da mutum. Alaƙar da yawan abokan hulɗa ce ta fi ƙarfi, ta damuwa ce ta fi rauni, kuma alaƙar ta fi tsanani ga ƙananan yara. Jaridu suka ɗauka suka yi ta yayatawa kamar an ce tura hoto na sa shaye-shaye. Ba haka aka ce ba. Carar zakara da fitowar alfijir kullum tare suke, amma ba zakara ke jawo rana ba. Yawancin binciken nan tambaya ce aka yi wa yara a rana ɗaya, ba za ka iya sanin wanne ya riga wanne ba, kuma mai yiwuwa wani abu na uku ne ke haifar da su duka, kamar wannan halin na rashin birki, ko gidan da ba mai lura da kowa, ko rukunin abokan da ya faɗa. Temple ya ɗan gwada warware wannan, ya bi yaransa na Texas shekara guda, a 2014 ya fitar da cewa wanda ya tura hoto ya ɗan fi yiwuwar a same shi ya fara jima'i baɗi, amma bai ga yana hasashen halayen kasada irin su yawan abokan hulɗa ba. Ni yadda na fahimta, hoton kamar zazzaɓi ne, alama ce da ke cewa a duba jiki, wani lokaci a samu babbar cuta a ƙasa wani lokaci a samu soyayyar ƙuruciya ce kawai da wauta. Haka kallon finafinan batsa, binciken da aka yi a Turai ya sha nuna yana tafiya tare da roƙon hoto da turawa, nan ma dai tafiya tare ce.

Batun damuwa ma hanya biyu ce. Yarinyar da ba ta taɓa jin an ce mata ta yi kyau a gida ba, ko yaron da ke jin shi ba kowa ba ne a makaranta, yabo kaɗan ke sayensu, wannan kafin hoton kenan. Bayan hoton kuma, binciken baya-bayan nan da ya fara rarrabe wanda ya tura da son ransa da wanda aka matsa wa ko aka yaɗa nasa, ya nuna ciwon zuciyar ya fi taruwa a wajen na biyun. Tun 2011 Janis Wolak da David Finkelhor na Jami'ar New Hampshire suka duba ƙararraki 550 da suka je hannun 'yan sanda suka raba su gida biyu, akwai na gwaji tsakanin yara sa'o'i ba da nufin cuta ba, akwai kuma mai muni wanda babba ya shigo ciki ko aka yi barazana ko aka yaɗa don tozarci. In ka haɗa su a kwando ɗaya ka ce duk iskanci ne, to ka sa wanda aka zalunta da azzalumi a sahu guda.

Iyaye fa? Wani abu a binciken Pew zai ba wasu haushi, yaran da iyayensu ke bincika musu waya ba su fi sauran kaucewa ba. Da manhaja irin ta kalkuletar nan ai ba mamaki. Ba ina cewa a daina dubawa ba, ni ma ina duba ta 'ya'yana, ina cewa ne kar mutum ya duba ya ga ba komai ya koma barci.

Wanda ba a cika magana a kansa ba shi ne kashi 12 ɗin nan, mai turawa gaba. Hoton da ya tsaya a waya ɗaya kuskure ne da ya tsaya tsakanin mutum biyu da Ubangijinsu, wanda ya fitar da shi shi ya mayar da shi bala'i, shi da duk wanda ya ce "turo min in gani" a guruf yana salati yana kallo. Mu nan mun ga haka tun kafin WhatsApp. A 2007 wani bidiyon waya na wata 'yar fim ya yaɗu a Kano ta bulutut, aka yi ta tsinuwa, har aka dakatar da harkar shirya fim na tsawon watanni, ita ta ɓuya, sunanta ya zama abin zagi shekara da shekaru. Tambayi mutum goma sunan namijin da ke ciki, ko sunan wanda ya fara fitar da shi. A doka kuwa, dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta yi ko ajiyewa ko yaɗa hoton batsa na wanda bai kai 18 ba, wato mai ajiye shi a wayarsa "don hujja" shi ma yana ciki. A Ingila da Wales sai da aka ba 'yan sanda wata hanya a 2016 ta rubuta irin wannan tsakanin yara ba tare da gurfanarwa ba in babu cuta, don sun ga dokar da aka yi don kare yara tana neman mayar da su masu laifi. Yanzu ma abin ya wuce sai an tura. A Satumban 2023 a garin Almendralejo na Sifaniya, 'yan mata sama da 20 suka tarar da hotunansu na tsiraici suna yawo, ba wadda ta taɓa ɗauka, samari sa'o'insu ne suka ɗebo hotunansu na yau da kullum suka sa a manhajar ƙirƙirarriyar basira ta mayar da su na tsiraici. A nan wace tarbiyyar yarinya za a zarga?

Su ma maza ba su tsira ba, nasu tarkon daban ne, kuma abin kunya sunan ƙasarmu na ciki. A Maris 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a garin Marquette na jihar Michigan ya samu saƙo a Instagram daga "wata yarinya", aka yi hira, aka ja shi ya tura hoto, nan take murya ta canza, dala 1,000 ko a tura wa danginsa da abokansa. Ya tura 300 da yake da ita, ba su ƙyale shi ba, cikin ƙasa da awa shida da fara hirar ya kashe kansa. Wasu 'yan'uwa biyu ne daga Legas, an miƙa su ga Amurka a 2023, a Satumban 2024 kowannensu ya samu ɗaurin shekara 17 da rabi. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe asusun Instagram wajen 63,000 a Najeriya masu wannan sana'ar, yawanci manyan maza suke hari amma har da yara. Cibiyar NCMEC ta Amurka mai karɓar irin waɗannan rahotanni ta samu 10,731 a 2022, a 2023 suka koma 26,718. Waɗannan mutanen ba tsiraici suke sayarwa ba, tsoron yaro na kar a sani a gida shi ne jarinsu, in babu wannan tsoron hoton ba shi da daraja ko ta sisi. To ka auna girman wannan jarin a gidan Bahaushe.

Na ce haka ne don ya faru a gabana. Ɗan baffana, shekararsa 16, yaro mai sanyi wanda shi ke jan ƙannensa sallah, ya ƙwanƙwasa min ƙofa wajen sha ɗaya na dare, na buɗe na gan shi ba takalmi. Ya kasa magana sai ya miƙo waya hannunsa na rawa. Sun turo masa jerin sunayen mutanen da ke bibiyarsa a Instagram, sunan yayarsa a sama, ga hotonsa a gefe, suna ƙirga masa mintuna. Ya riga ya tura musu kuɗin da ya tara na jarrabawa ta hannun mai POS, sun ce bai isa ba. Wallahi abin da ya fara zuwa bakina faɗa ne, na haɗiye shi da ƙyar don na ga idonsa ba na wanda zai iya ɗaukar ƙari ba ne. Na ce zauna, na ɗebo masa ruwa. Muka ɗauki hoton hirar da sunan asusun da lambar bankin don hujja, muka kai rahoto a manhajar, muka yi bulokin, na ce ko sisi kar ya ƙara turawa don biya ba ya kashe wutar, ƙara mata mai yake. Sai muka shiga Take It Down, wani shafi na kyauta da NCMEC ta buɗe don 'yan ƙasa da 18, hoton ba ya barin wayarka, wata lamba ce kamar tambarin yatsa ake cirowa daga jikinsa a ba su Facebook da Instagram da TikTok da Snapchat su riƙa tsare shi in an ɗora a fili, ko da yake ba ya iya shiga hirar WhatsApp da ke kulle. Ya kwana a falona, ni ma ban yi wani barci ba, ina fitowa ina leƙa shi.

Da asuba muna dawowa daga masallaci na tambaye shi me ya sa ya tsallake gidansu ya taho har nan cikin dare, ga Baffa a gida ga Umma. Ya yi shiru har muka kusa ƙofa, sannan ya ce "Yaya, ai Baba ba zai tambaye ni me ya faru ba, wayar zai fara fasawa." Sai da na yi kwana uku ina juya yadda zan tunkari Baffa da maganar, ranar da na je na same shi a zaure yana sauraren rediyo, na gaishe shi na zauna, na ce Baffa akwai wata magana amma don Allah sai ka yi min alƙawarin za ka bari in kai ƙarshe. Ya rage muryar rediyon ya ce ina jinka.